Sarauniya Mangu Tsakanin Allon Silima da Ajin Tarihi

A watan Oktoban 2024 mahukuntan Yamai suka bi manyan titunan birnin suna sauke sunayen Faransawa. Titin da ya daɗe yana amsa sunan Charles de Gaulle ya koma na Djibo Bakary, hoton Parfait-Louis Monteil da ke sassaƙe a jikin dutse kuwa aka maye gurbinsa da na Thomas Sankara. Gwamnatin sojan da ta karɓi mulki a Yulin 2023 ta kuma ƙirƙiro lambar girmamawa da sunan Sarauniya Mangu ta Lugu, matar da ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransa a 1899. Dama sunanta ba baƙo ba ne a Nijar: akwai gidan rediyo da talabijin da ke amsa shi, yara kuma suna cin karo da labarinta tun suna makaranta.

To amma a tambayi matashi a Yamai ko Maraɗi yaya kamannin Sarauniya suke. Da wuya bai zana doguwar mace mai jini a jika ba, riƙe da baka, kwari a kafaɗa, mayaƙa na biye da ita. Wannan siffa ba daga bakin dattawan Lugu ta fito ba, ba kuma daga takardun Faransawa ba. Siffar Aï Keïta ce, 'yar wasan Burkina Faso da ta fito a fim ɗin Sarraounia na Med Hondo a 1986. Yadda fim ɗaya mai tsawon awa biyu yake iya zama abin da al'umma ke tunawa a matsayin tarihinta shi ne ainihin abin da ake nazari a wani fanni da jami'o'in duniya suka daɗe da buɗe wa ƙofa, wato alaƙar silima da tarihi. Sassan tarihi na jami'o'in ƙasar Hausa ba su ba shi muhimmancin da ya kamata ba, alhali ɗaya daga cikin misalai mafi kyau na koyar da shi yana nan a ƙofar gidansu.

Tunanin kansa ya tsufa kusan kamar silimar. A watan Maris na 1898, ƙasa da shekara uku bayan 'yan'uwan nan Lumière sun fara haska fim ga jama'a, wani mai ɗaukar hoto ɗan Folan mazaunin Faris, Boleslas Matuszewski, ya buga ɗan ƙaramin littafi yana kira da a kafa ma'ajiyar finafinai domin masu rubuta tarihi. Yana da hujja a hannu. A 1897 an zargi shugaban Faransa Félix Faure da rashin girmama tutar Rasha a ziyarar da ya kai can, sai hoton da aka ɗauka a wurin ya nuna ya yi abin da ya dace. A ganin Matuszewski, kyamara shaida ce da ba a iya saya. Malaman jami'a ba su saurare shi ba. A wurinsu tarihi yana cikin takarda mai hatimi, silima kuwa wasan 'yan kasuwa ne da marasa aikin yi.

Sai da aka yi kusan shekara 70 a haka kafin Marc Ferro ya karya lagon wannan raini. An haife shi a 1924, mahaifiyarsa ta mutu a sansanin Auschwitz, shi kuma ya shiga sahun masu yaƙar mamayar Jamus yana saurayi, daga baya ya koyar a Oran ta Aljeriya a zamanin mulkin mallaka. Masanin juyin juya halin Rasha ne, ya kuma kasance ɗaya daga cikin editocin mujallar Annales, wadda manazarta tarihi a Faransa ke ji da ita. A 1973 ya buga maƙala a cikinta kan fim, a 1977 kuma ya fitar da littafinsa Cinéma et Histoire. Abin da ya kawo ya saɓa da na Matuszewski. Bai ce kyamara ba ta ƙarya ba. Cewa ya yi ko fim ɗin da ya yi ƙarya shaida ne, domin yana tona abin da ke zuciyar waɗanda suka yi shi, da waɗanda suka biya kuɗinsa, da waɗanda suka hana a nuna shi.

Misalin da ɗalibi ke saurin ganewa shi ne Alexander Nevsky na Sergei Eisenstein. Labarin yaƙin 1242 ne, lokacin da wani yariman Rasha ya fatattaki mayaƙan Jamus a kan daskararren tafki. An fitar da shi a 1938, ana tsaka da fargabar Hitler. Da Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Jamus a 1939 sai aka janye shi daga gidajen silima, da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet a 1941 kuma aka maido shi. Wanda ya nemi sanin ƙarni na 13 a cikinsa ba zai samu da yawa ba, amma wanda ya nemi sanin Mosko ta 1938 zai sha kallo.

A Amurka kuwa malaman da suka taɓa aiki da 'yan fim ne suka ja ragamar. Natalie Zemon Davis ta ba da shawara a fim ɗin Martin Guerre na 1982, abin da fim ɗin ya bari a baya kuma ya sa ta rubuta littafi sukutum. Robert Rosenstone ya yi irin wannan aiki a fim ɗin Reds na 1981. A 1988 babbar mujallar ƙungiyar masana tarihin Amurka ta keɓe shafuka domin muhawara kan batun, a shekara ta gaba ta fara sharhin finafinai kamar yadda take sharhin littattafai. Rosenstone ya bar wa ɗalibai ma'auni mai amfani. Ya ce duk fim sai ya ƙaga wani abu, domin ba a iya zuba shekaru cikin awa biyu ba tare da haɗe mutane da taƙaita al'amura ba. Abin tambaya shi ne ko abin da aka ƙaga ya dace da abin da hujjoji suka tabbatar, ko kuwa ya juya musu baya. Da wannan ma'auni ya kamata a auna Sarraounia.

A shekarar da Matuszewski ya buga littafinsa, a wannan birni na Faris, aka shirya rundunar da za ta ratsa ƙasar Hausa. Aka damƙa ta a hannun Kyaftin Paul Voulet da mataimakinsa Kyaftin Julien Chanoine, waɗanda suka ci Wagadugu da ƙarfin bindiga a 1896. Mahaifin Chanoine janar ne, har ya riƙe muƙamin ministan yaƙi na ɗan lokaci a 1898. Umarnin shi ne su tashi daga kogin Kwara su isa Tafkin Chadi, inda za su haɗu da wasu runduna biyu, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu a Yunin 1898 ta bar wa Ingila duk ƙasar da ke cikin mil 100 kewaye da Sakkwato, wato mafi yawan inda ake samun ruwa da hatsi. Gwamnati ba ta ba rundunar isasshen guzuri ba. Turawa tara ne a cikinta, amma idan aka haɗa da sojojin Afirka da 'yan dako da matan da aka kama a hanya, ayarin ya kai kimanin mutum 2,000. Ciyar da irin wannan taro da shayar da shi a lokacin rani, ba tare da kuɗin saye ba, yana nufin ƙwace, kuma Voulet bai tsaya a ƙwace ba.

A farkon Janairun 1899 aka kashe mutum 101 a Sansanin Hausa da ke bakin Kwara, ciki har da mata da yara, wai don a yi wa saura gargaɗi. Ɗan dakon da ya gaza sai a kashe shi a kamo wani. Jagoran hanya da aka zarga da ɓatar da su sai a rataye shi. Wani hafsa mai suna Laftanar Peteau ya saɓa da Voulet, aka kore shi, sai ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana abin da ya gani. Wasiƙar ta bi hannu zuwa hannu har ta kai teburin ministan ƙasashen mallaka. A watan Afrilu aka umarci Laftanar-Kanar Jean-François Klobb, kwamandan Tumbuktu, da ya bi sawunsu ya karɓi ragamar rundunar.

A daidai wannan wata ne ayarin ya shiga ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, ya tunkari Lugu.

A nan ruwayoyi suka rabu. Takardun Faransawa sun ce an gwabza ranar 16 ga Afrilu, 1899. Mayaƙan Azna, wato mutanen Sarauniya, sun ja da baya zuwa cikin wani surƙuƙin daji, inda bindiga ba ta da wani fifiko sosai a kan kibiya. Rundunar ta harba harsashi kusan 7,000, ta rasa soja 4, wasu 6 suka ji rauni, kuma wannan na cikin turjiya mafi tsanani da ta gamu da ita zuwa lokacin. Daga ƙarshe ta ci garin, ta ƙone shi, ta wuce. Ita kanta Sarauniya ba ta samu fili a waɗannan takardu ba sai 'yan layuka. Paul Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin, ya ambace ta a littafin da ya buga a 1930 a matsayin tsohuwar matsafiya wadda ta ƙalubalance su. Raini ne ya sa ya kira ta haka, amma ko a cikin rainin akwai abu biyu da mai nazari zai tsinta: ba yarinya ba ce, kuma ƙarfinta na asiri ne.

Ruwayar mutanen Lugu da Bagaji, wadda masana irin su Marc-Henri Piault suka tattara tun shekarun 1960, ta yi daidai da wannan ta wata fuska. A wurinsu Sarauniya sarauta ce da mata suka yi ta gada, Mangu ɗaya ce daga cikin jerin waɗanda suka riƙe ta. Asalin gidan, in ji su, daga Daura yake, tare da dutsen Tunguma da ake zuwa wurinsa neman hukunci. Idan mai riƙe da sarautar ta rasu, gawarta ce ke nuna magajiya ta hanyar al'adar tarkama, inda masu ɗauke da makara ke tafiya har su tsaya gaban wadda aka zaɓa. Daga ranar ta shiga ɗaki ke nan. Tana zaune a bukkarta tana kaɗi, ana zuwa gare ta neman ruwan sama da lafiya da kariya. Irin wannan mace ba ta hawa doki ta ja daga. Abin da Mangu ta yi, bisa ruwayar, shi ne ta ƙi tura saƙon biyayya, ta karɓi waɗanda suka gudo daga ƙauyukan da aka ƙone, ta ba mayaƙa magani da ƙarfin zuciya. Da yaƙi ya ci tura aka fice da ita, daga baya jama'a suka dawo suka sake gina garin. Wasu masu ba da labari sun ce ba ta daɗe ba ta ɓace, wasu suka ce rikiɗa ta yi ta zama damisa.

Ruwaya ta uku ita ce wadda duniya ta fi sani, kuma tana da mai ita. Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932, ɗan jam'iyyar Sawaba ne ta Djibo Bakary, wadda ta ce a'a ga de Gaulle a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959. Ya yi shekaru yana gudun hijira a ƙasashe da dama ciki har da Aljeriya, da ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974 kuma ya sha ɗauri a zamanin Seyni Kountché. A 1980 aka buga littafinsa Sarraounia a Faris, a matsayin ƙagaggen labari. Mutumin da ya ga an murƙushe gwagwarmayarsa yana neman wanda zai nuna wa matasa cewa ƙasar nan ta taɓa cewa a'a, kuma ya same ta a Lugu. Sai ya ba ta ƙuruciya da kyau da takobi. Ya ƙaga mata uban riƙo mai suna Dawa, wanda ya shayar da ita nonon goɗiya, ya koya mata harbi da sirrin itatuwa. Ya mai da ƙauyen bukkoki birni mai ganuwa da fada.

Med Hondo abokinsa ne. Ɗan asalin Muritaniya ne da ya je Faransa a ƙarshen shekarun 1950, ya yi aikin kuku da sauran ayyukan ƙarfi kafin ya shiga wasan kwaikwayo. Faransawa da yawa sun san muryarsa ba su san fuskarsa ba, domin shi ne ya riƙa yi wa Eddie Murphy magana da Faransanci a finafinan da aka fassara, kuma da irin wannan kuɗi yake tallafa wa nasa finafinan. Ya kwashe kimanin shekara bakwai yana haɗa kuɗin Sarraounia. An shirya ɗaukarsa a Nijar, ana dab da farawa gwamnatin Kountché ta janye hannunta. Burkina Faso ta Thomas Sankara ce ta buɗe masa ƙofa, ta ba shi wuri da mutane, har da sojoji da suka fito a fagen daga. Wannan ƙaura ta bar tabo a jikin fim ɗin: harsunan da ake ji a ciki su ne Jula da Fulatanci da Faransanci. Sarauniyar Azna, wadda Hausa ce harshenta, ba ta magana da Hausa a fim ɗin da ya kai sunanta duniya. A Faris ba a ba shi gidajen silima masu yawa ba, kuma bai jima ba aka sauke shi. A Wagadugu kuwa ya lashe babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a farkon 1987. A watan Oktoban wannan shekara aka kashe Sankara.

Duk wanda ya karanta Ferro zai ga abin da ke nan. Mace mai makami da ke jagorantar maza, wadda a ƙarshen fim take maraba da kowa ba tare da tambayar harshensa ko addininsa ba, ɗiyar Wagadugu ce ta 1986, inda gwamnati ke naɗa mata ministoci tana wa'azin haɗin kan Afirka. Jawabinta na rufewa jawabin 'yan Sawaba ne da 'yan juyin juya halin Burkina. Fim ɗin shaida ne mai daraja a kan abin da 'yan gwagwarmayar Afirka ke fata shekara 26 bayan samun mulkin kai, lokacin da yawancinsu suka ga sabbin shugabanni sun ci amanar wannan fata. A kan yadda Mangu ta rayu kuwa, dattawan Lugu sun fi shi gaskiya, kuma mai wannan rubutu yana tare da su. Ba rage mata daraja ba ne a ce tsohuwa ce mai zaman ɗaki. Matar da ba ta da bindiga ko ɗaya, ta ji labarin abin da ya faru da garuruwan da ke bayanta, ta kuma ce ba za ta sunkuya ba, ba ta bukatar aron takobi.

Akwai wuri na biyu da fim ɗin ya kauce, kuma ya fi na farko nauyi. Hondo ya nuna cewa tsoron asirin Sarauniya ne ya riƙa cin zukatan sojojin Voulet har suka yi masa tawaye. Abin da aka sani ya nuna wata hanya daban. Bayan Lugu rundunar ba ta karaya ba, ta ma ƙara ta'adi. A farkon Mayu ta afka wa Birnin Ƙonni, wanda a bisa yarjejeniyar 1898 yana ɓangaren Ingila, ta kashe dubban mutane, ta bar garin kango. Klobb, da ke biye da su, ya rubuta a littafin tafiyarsa yadda ya riƙa tarar da ƙauyuka a ƙone da rijiyoyi cike da gawa, a Koran Kalgo kuma ya ga 'yan mata ƙanana a rataye a bishiya. Ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli. Ya hana mutanensa harbi, Voulet ya sa nasa suka buɗe wuta, Klobb ya faɗi matacce, mataimakinsa Octave Meynier ya ji rauni. Daga nan Voulet ya shaida wa hafsoshinsa cewa ya fita daga Faransa, zai kafa daular kansa. Sojojin Afirka da ke ƙarƙashinsa, yawancinsu daga yankin Mali ta yau, suka fahimci cewa idan suka bi shi sun rabu da gida da iyali ke nan. Ranar 16 ga Yuli suka harbe Chanoine, washegari suka harbe Voulet, a wajen Mai Jirgi. Tsakanin Lugu da Mai Jirgi akwai wata uku da ɗaruruwan kilomita. Ɗora wannan tawaye a kan asiri yana ƙwace wa waɗannan sojoji shawarar da suka yanke da hankalinsu, kuma yana sa mai kallo ya ɗauka cewa an yi nasara a inda ba a yi ba. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen Yuli, aka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga, Joalland da Meynier suka ƙarasa Chadi, aka haɗu da sauran runduna biyun aka kashe Rabe a Kusuri a Afrilun 1900. Duk abin da Faris ta aike su yi an yi shi.

Haka nan ɗalibin da ya fito daga Sakkwato ko Gwandu zai so ya tsaya a kan yadda fim ɗin ya zana sarakunan Musulmi, waɗanda aka nuna ƙiyayyarsu ga Azna ta rufe musu ido daga haɗarin Nasara. Gaba tsakanin Daular Usmaniyya da al'ummomin da suka ƙi bin ta gaskiya ce, kuma an samu sarakuna a yankin da suka ga gara su yi sulhu da baƙin. Sai dai Ƙonni, wadda ta fi kowa asarar rayuka, tana ƙarƙashin inuwar Sakkwato ne, kuma shekara huɗu bayan haka Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi yana yaƙar Ingilishi. Rabon da fim ɗin ya yi, jarumta ga wannan ɓangare, sakaci ga wancan, ya fi kama da ra'ayin 'yan gurguzun shekarun 1970 a kan sarauta.

Amma a kan babban al'amari Hondo ne mai gaskiya, hukumar Faransa ce ta kauce. Da labarin kisan Klobb ya isa Faris, abin da ya girgiza jaridu shi ne Bafaranshe ya harbe Bafaranshe. Ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon ya nemi a kafa kwamitin bincike a 1900, majalisa ta yi watsi da buƙatar da gagarumin rinjaye. Binciken ma'aikata ya ƙare a kan cewa kyaftin biyun zafin yankin ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Da wannan bayani aka wanke waɗanda suka tura runduna ba guzuri, aka wanke sauran hafsoshin, Joalland da Meynier ma duk suka kai muƙamin janar. Fim ɗin ya ƙi karɓar wannan uzuri. Ya nuna ƙone-ƙone da fille kawuna da rabon mata a matsayin yadda aikin yake tafiya yau da gobe, kuma duk wanda ya gwada waɗannan fitowa da wasiƙar Peteau da littafin Klobb zai ga ba a yi ƙari ba. A ma'aunin Rosenstone, maganganun da aka sa a bakin hafsoshin ƙagaggu ne amma sun dace da hujja. Shekara 87 bayan aukuwar abin, mai shirya fim ne ya sa jama'a suka ga abin da majalisa ta ƙi dubawa.

Bayan fim ɗin, abubuwa da dama sun biyo baya. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993. Muriel Mathieu ta buga bincikenta a kan rundunar a 1995, Serge Moati ya yi wa talabijin ɗin Faransa fim a kanta, Bertrand Taithe na Jami'ar Manchester ya fitar da nasa littafin a 2009, Elara Bertho kuma ta bi diddigin yadda Sarauniya ta tashi daga 'yan layuka a takardun soja ta zama jarumar ƙasa. Hondo ya rasu a 2019. A 2020 fim ɗin African Apocalypse ya bi hanyar da rundunar ta bi, ya ba jikokin waɗanda aka kashe dama suka yi magana da bakinsu.

A Najeriya ma an aza harsashin wannan karatu. Jami'ar Bayero ta shirya babban taro kan finafinan Hausa a 2003, aka buga takardunsa a littafi. Brian Larkin ya rubuta tarihin majigi da gidajen silima na Kano. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka tsinto faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Jami'ar Jos ta buɗe digiri na biyu kan al'adun fim da adana shi. Sai dai kusan duk wannan aiki a sassan koyon aikin jarida da wasan kwaikwayo da harsuna ake yin sa. Da fim ɗin Amina ya fito a Netflix a 2021, mutane suka yi ta ƙorafi kan yadda aka nuna Zazzau, amma muhawarar ta ƙare a Facebook, ba ta zama darasi ba.

Kayan aikin kuwa duk suna kusa. Daga Sakkwato zuwa Ƙonni tafiyar 'yan sa'o'i ce, Lugu ma ba ta fi ƙarfin motar jami'a ba, kuma har yanzu akwai masu riƙe da ruwayar kakanninsu a can. Ya kamata sassan tarihi na Jami'ar Abdou Moumouni da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello da ta Bayero su sa wannan darasi a manhajarsu: ɗalibi ya kalli fim ɗin, ya karanta littafin Mamani da rahotannin hafsoshin, ya je ya zauna gaban dattawa, sannan ya rubuta inda suka haɗu da inda suka rabu da dalilin rabuwar. Ya kamata kuma masu fassara finafinai a Kano, waɗanda suka ƙware wajen sa wa jaruman Indiya Hausa a baki, su nemi izinin masu haƙƙin Sarraounia su yi masa wannan aiki, domin mutanen Lugu da Ƙonni da Tasawa su kalle shi da harshensu su faɗi nasu hukuncin.